Tsohon laifi, sabuwar bindiga: wa doka ke kamawa a Matankari?

A ɗauka jandarmomi sun kama mutum biyu rana guda a ƙaramar hukumar Matankari, kowannensu da bindiga ba takardar izini. Na farko manomi ne, an zaro adaka daga ƙarƙashin gadonsa, ya ce ya saye ta ne bayan ɓarayi sun kore masa shanun huɗa. Na biyu a kan babur aka tare shi, da Kalashi cikin buhu da harsasai, kuma bai fi shekara uku da fitowa daga gidan kaso ba, inda ya yi zama kan fashi. Ko a tsakiyar kasuwa aka tsayar da mutane aka tambaye su, da wuya a sami wanda zai ce hukunci ɗaya ya dace da su. Dokar Nijar ma ba ta ce haka ba. Tana da babi kan mai maimaita laifi, ta kuma bai wa alƙali damar ya tsananta wa na biyu, ya sassauta wa na farko.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ta yaya alƙalin da ke zaune a Dogondutsi zai san na biyun ya taɓa zaman kaso? Idan a Nijar aka ɗaure shi, da sunan da yake amsawa yau, takardar hukuncin kuma ta isa inda ya kamata ta isa, to zai sani. Amma idan a Birnin Kebbi ko Sakkwato aka ɗaure shi, ko da wani suna ya shiga kason, ko kuwa bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba duk da gari ya san ɓarnar da ya yi, to a idon doka shi da manomin nan duk sababbin shiga ne.

Masu cewa a ƙara tsananta hukunci ga tsohon mai laifin da aka kama da bindiga suna da gaskiya. Wanda ya taɓa ɗaga makami a kan mutum, kotu ta tabbatar, ya sake neman bindiga a ɓoye, bai cancanci uzurin da ake yi wa maharbi ko makiyayi ba. Sai dai ƙarin shekaru a takarda ba zai taɓa shi ba muddin kotu ba ta da hanyar gane shi.

Ga mutanen ƙasar Arewa, wato Dogondutsi da Tibiri da kewayensu, wannan magana ta wuce muhawarar lauyoyi. A watan Fabrairun 2019 ƴan bindiga sun kashe jandarmomi biyu a Bagaji. A watan Yunin 2024 an kashe sojoji shida masu gadin bututun man da ya nufi Benin, a kusa da Salkam cikin yankin Tibiri. A tsallaken iyaka kuma, cikin watan Nuwamban 2024 rundunar tsaron Najeriya ta fito fili ta ambaci ƙungiyar Lakurawa a jihohin Sakkwato da Kebbi, a cikin watan ne kuma aka kashe mutane 15 a garin Mera da ke ƙaramar hukumar Augie. Babbar kotun tarayya ta Abuja ta ayyana ƙungiyar a matsayin ta ta'addanci a watan Janairun 2025. Tsakanin Matankari da waɗannan wurare tafiyar babur ce ta ƴan sa'o'i, dangi ɗaya ne, kasuwanni ɗaya ne. A irin wannan hali bindiga na shiga hannu biyu, hannun mai kai hari da hannun mai jin tsoro, kuma dukansu biyu dokar ɗaya ce ke jiransu.

Dokar kuwa ga yadda take. Kundin hukunta laifuka da Nijar ta kafa a 1961, aka yi masa babban gyara a 2003, ya haramta shigo da bindiga, sayar da ita, ɗaukarta ko ajiye ta ba tare da izinin hukuma ba, hukuncin kuma ɗauri ne da tara da ƙwace makamin. Babin maimaita laifi dabam yake, kuma na gaba ɗaya ne, ba don bindiga aka rubuta shi ba. Sharaɗinsa na farko shi ne a sami hukuncin kotu wanda ya tabbata, babu sauran ɗaukaka ƙara. Kamu ba hukunci ba ne, zargi ba hukunci ba ne, kwana goma a ofishin ƴan sanda ma ba hukunci ba ne. Idan sharaɗin ya cika, ana duba nauyin laifin farko da tazarar da ke tsakaninsa da na biyu, daga nan alƙali ya sami damar hawa da hukuncin sama.

Akwai kuma ƙofar sassauci, wadda a aikace ta fi shafar talaka. Wanda bai taɓa shan ɗauri ba na iya samun hukuncin je-ka-gyara-halinka, wato a yanke masa ɗauri amma ya koma gida, da sharaɗin kada ya sake cikin shekara biyar. In ya sake, tsohon ɗaurin ya faɗo masa haɗe da sabon. Wanda ke da ɗauri a bayansa kuwa wannan ƙofa a rufe take gare shi. Ke nan tarihin mutum na iya zama bambanci tsakanin kwana a ɗakinsa da shekaru a kaso, kan bindiga iri ɗaya.

A tsarin Faransa, inda Nijar ta gaji tushen wannan babi, ƙananan laifuka kan buƙaci laifi na biyu ya zama irin na farko ko danginsa kafin a kira shi maimaici. Sarar mutum da adda da ajiye bindiga ba izini ba laifi ɗaya ba ne a takarda, ko da kuwa a ƙauye kowa ya san na farkon ne ke sa na biyun ya zama abin tsoro. Wannan giɓi ne da ya kamata masu gyaran doka su rufe da kalmomi bayyanannu, maimakon a bar kowane alƙali da fahimtarsa.

Duk wannan gini a kan takarda ɗaya yake tsaye, wato kaziye. Matasan birni sun san ta sarai, domin babu jarrabawar ɗaukar aikin gwamnati da ba a nemanta, masu neman biza ma sau da yawa sai da ita. Wadda ake bai wa mutum a hannunsa ita ce mai lamba 3, kuma ba komai ke fitowa a cikinta ba. Cikakkiyar, mai lamba 1, ta alƙalai ce kaɗai. Idan kotu ta ɗaure mutum, magatakarda ne ke cike ƴar takarda ya aika kotun da ke kula da inda aka haifi mutumin, a can ake ajiyewa. Saboda haka ɗan Matankari da aka ɗaure a Agadas ko Arlit, sai takardarsa ta yi doguwar tafiya ta dawo gida, an kuma jera ta a inda za a gan ta, kafin ta yi amfani.

To, wane suna ke kan takardar? Tsarin ya dogara ne da sunan mutum, sunan uba da na uwa, ranar haihuwa da wurinta. A karkarar da mutane da yawa ba a yi musu takardar haihuwa ba sai da suka girma, ta hanyar hukuncin kotu da shaidu biyu, inda ake rubuta shekarar haihuwa bisa ƙiyasi, wannan turke ba shi da ƙarfi. Mutum ɗaya na iya zama Mamman a gida, Muhammadu a katin zaɓe, a tasha kuma a san shi da laƙabi kawai. Rubutun sunan da harafin Faransanci dabam, da na Ingilishi dabam. Wanda ya san kan abin, ya ce a wani gari aka haife shi, shi ke nan kaziyensa ta fito fara fat. Faransar da aka kwaikwaya ta tattara nata rajistar wuri guda cikin kwamfuta a birnin Nantes tun farkon shekarun 1980. A Nijar an jima ana maganar mayar da kaziye cikin kwamfuta, amma rajistar da ba a ɗaure ta da zanen yatsa ba, ko tana cikin kwamfuta, sunan da aka ba ta kawai za ta maimaita.

Sai maganar iyaka. Najeriya na da nata tanadin, kuma a wani gefen ya fi na Nijar fitowa fili. Dokar bindigogi ta 1959 ta hana a bai wa mutum lasisi idan cikin shekara biyar da suka wuce an taɓa samunsa da laifin da ya ƙunshi tashin hankali ko barazanar yin sa. Dokar fashi da makami ta 1984 kuma ta tanadi tarar naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba izini. Naira 20,000 a yau ba ta sayen buhun shinkafa, sannan sashen bai bambanta sabon shiga da tsohon hannu ba. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta umarci a kafa babbar rajistar masu laifi a hannun rundunar ƴan sanda. Duk da haka, duk wanda ya saba zama a kotunan Najeriya ya san yadda ake yi: bayan an sami mutum da laifi alƙali ya tambaya ko yana da tarihi, mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce babu wani bayani a hannunsu, sai a ɗauke shi a matsayin mai laifin farko.

Idan rajistar ba ta aiki sosai a cikin ƙasa ɗaya, ina ga tsakanin ƙasa biyu? Akwai yarjejeniyar CEDEAO ta 1992 kan taimakon juna a shari'ar laifuka, da ta 1994 kan miƙa masu laifi, da ta 2006 kan ƙananan makamai. Nijar na cikin ƙasashe huɗu na farko da aka fara gwada tsarin musayar bayanan ƴan sanda na Afirka ta Yamma, wanda Interpol ke jagoranta. Amma Nijar ta fice daga CEDEAO, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ƙawancen AES da ta shiga kuwa da Mali da Burkina Faso ne, alhali iyakar da ke damun Dogondutsi ta Najeriya ce. Abin da ya rage shi ne hulɗar kai-tsaye. Hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya na nan tun 1971, hedikwatarta ma a Yamai take. Babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya je Yamai a watan Agustan 2024, ministan harkokin waje na lokacin, Yusuf Tuggar, ya bi sahu a watan Afrilun 2025. Irin waɗannan ziyarce-ziyarce kan ƙare da maganar sintiri da buɗe hanyoyin kasuwanci. Musayar takardun hukunci tsakanin kotunan Doso da na Kebbi da Sakkwato ba ta buƙatar jirgin yaƙi ko ɗaya, ya kamata ta hau teburin.

Ko an yi musayar ma, sai doka ta faɗi ƙarara cewa hukuncin wata ƙasa na shiga lissafi. Amurka ta taɓa cin karo da wannan. Wani Ba'amurke mai suna Gary Small ya sha ɗauri a Japan kan fasa-ƙwaurin bindigogi, ya dawo gida ya sayi bindiga, aka gurfanar da shi a matsayin tsohon mai laifin da doka ta hana riƙe makami. A 2005 kotun ƙolin ƙasar ta ce dokar ba ta shafi hukuncin kotunan waje ba. Idan haka ta faru tsakanin ƙasashen da teku ya raba, to yankin da mutum zai yi sallar asuba a Nijar ya ci kasuwar hantsi a Najeriya ya fi kowa buƙatar a rubuta amsar.

Rami mafi zurfi shi ne na waɗanda ba su taɓa zuwa kotu ba. Awwalun Daudawa shi ne aka ambata a matsayin jagoran sace ɗalibai sama da 300 na makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a jihar Katsina, ranar 11 ga Disamban 2020. A watan Fabrairun 2021 ya bayyana a fadar gwamnatin Zamfara a Gusau, zamanin Gwamna Bello Matawalle, ya miƙa bindigogi, ya rantse ya tuba. Bai cika wata uku ba ya koma daji, a ƙarshen watan Afrilu aka kashe shi a faɗa da wasu ƴan bindigar. Tuban muzuru ke nan. Abin lura a nan shi ne, da an kama shi da Kalashi a cikin watan Maris ɗin nan, babu hukuncin kotu kan Ƙanƙara da za a ɗora masa. A ma'aunin doka, yaron da ya sha wata shida kan dambe a tasha ya fi shi tarihi.

Ba a Zamfara kaɗai ake wanke mutum ba tare da rubutu ba. A Nijar doka ta bai wa sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane kan al'amuran al'ada da na dukiya da filaye, ba ta ba su ikon shari'ar manyan laifuka ba. Amma kowa ya san rikicin manomi da makiyayi da aka fasa kai a cikinsa, ko sarar da aka yi kan iyakar gona, sau da yawa a zauren mai gari suke ƙarewa, a biya kuɗin magani, a yi musabaha. Sulhu alheri ne, ya sha hana ƙaramar wuta zama gobara, kuma mutanen da kotu ta yi musu nisa ba su da laifi in sun nemi na kusa. Sai dai mutumin da aka sasanta rikicinsa na jini sau uku, kaziyensa fara ce kamar ta jariri.

Haka abin yake ga masu jiran shari'a. Rahotanni kan gidajen kason Nijar sun jima suna nuna cewa fiye da rabin waɗanda ke tsare ba a yanke musu hukunci ba. Wanda ya shekara biyu yana jira aka sallame shi ba shari'a, in mai laifi ne ya fita ba tabo, in marar laifi ne an cuce shi. Ta kowane gefe rajistar ba ta ƙaru da komai ba. A nan ya kamata a bambanta abu biyu da ake yawan haɗawa. Sassaucin da shugaban ƙasa ke yi wa fursunoni, irin wanda Mahamadou Issoufou ya yi wa mutum 1,540 a watan Maris na 2020 saboda cutar korona, yana rage zaman kaso ne, hukuncin na nan a rubuce. Afuwar da doka ke yi ita ce ke shafe laifin gaba ɗaya. Duk mai shirin yafe wa ƴan bindiga ya kamata ya san wacce yake bayarwa.

Su wa ke nan suka rage a cikin rajistar? Galibi waɗanda ke da adireshi, aka san gidansu, aka kama su cikin sauƙi, ba su da lauya, aka yi musu shari'ar nan-take: ɗan kabu-kabu da ya yi faɗa, yaron da ya saci akuya, matashin da aka kama da ƙwaya. Idan aka ƙara tsananta hukunci a kan "mai tarihi" ba tare da gyara rajistar ba, a kan waɗannan sandar za ta sauka, an bar jaki ana dukan taiki. Shi ya sa dole dokar ta ce laifin tashin hankali take nufi, ta kuma jera su ɗaya bayan ɗaya.

Amurka ce ta fi kowa nisa a wannan hanya, kuma ƴan ci-rani da ke can sun san ba wasa ba ne. Dokar da ta kafa a 1984 ta ce tsohon mai laifin da aka kama da bindiga, idan yana da hukunci uku a baya kan manyan laifukan tashin hankali ko na miyagun ƙwayoyi, ɗaurinsa ba zai gaza shekara 15 ba, alƙali ba shi da ikon ragewa. A takarda abin ya yi kyau. A aikace, shekara arba'in ke nan kotuna na jayayya kan ma'anar kalmomi. A 2015 kotun ƙoli ta soke wani ɓangare na dokar da ke fassara "laifin tashin hankali", ta ce ya yi duhu har mutum ba zai iya sanin abin da aka hana shi ba.

Shari'ar William Wooden ta fi nuna haɗarin. A 1997, cikin dare ɗaya, ya fasa ɗakunan ajiya goma da ke jere a gini guda a jihar Jojiya, aka same shi da laifi goma. Shekara 17 bayan haka ɗan sanda ya ga bindigogi a gidansa. Da an bi lissafin da aka saba, ɗaurin da aka fara ba da shawara bai wuce shekara biyu da ƴan watanni ba. Sai masu gabatar da ƙara suka ƙirga daren nan ɗaya a matsayin karo goma, aka ɗaure shi kusan shekara 16. Sai a 2022 kotun ƙoli ta ce dare ɗaya, wuri ɗaya, karo ɗaya ne. Alƙaluman hukumar tsara hukunce-hukunce ta ƙasar sun kuma nuna cewa mafi yawan waɗanda wannan doka ta hau kansu baƙaƙen fata ne. Faransa ma ta gwada ɗaure hannun alƙalai da mafi ƙarancin hukunci ga masu maimaita laifi a 2007, ta soke shi a 2014.

Ingila ta bi hanya mafi sauƙin ganewa. Dokarta ta 1968 ta ce wanda aka ɗaure shekara uku ko fiye ba zai sake riƙe bindiga ba har abada, wanda aka ɗaure daga wata uku zuwa ƙasa da shekara uku kuma sai bayan shekara biyar. Saɓa wannan laifi ne mai zaman kansa. Mutum na fita daga kaso ya san matsayinsa. Irin wannan layi, wanda mai gari zai iya bayyana wa jama'arsa cikin jimla biyu, shi ne ya dace da Nijar, da ƙarin cewa a raba bindigar yaƙi da adakar maharbi, domin ba ɓarna ɗaya suke yi ba.

Akwai gajeriyar hanya mai jan hankali da ya kamata a yi hattara da ita, wato a bar jiran kotu a koma ga jerin sunayen waɗanda ake zargi. Ranar 27 ga Agustan 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan dokar da ta kafa rajistar mutane da ƙungiyoyin da ake dangantawa da ta'addanci ko cin amanar ƙasa, wadda sunan mutum ke iya shiga tun kafin a yanke masa hukunci. An riga an yi amfani da ita wajen ƙwace wa wasu tsoffin jami'an gwamnatin Mohamed Bazoum zama ɗan ƙasa na wucin gadi, ƙungiyar Human Rights Watch kuma ta soki dokar. Jami'an tsaro na buƙatar bayanan sirri, babu mai musun haka. Amma bayanin sirri na nuna wanda za a sa wa ido ne, bai kai ya ƙara wa mutum shekaru a kaso ba. A yankin da gaba tsakanin maƙwabta kan gona ko rijiya ke iya sa a kai sunan mutum wurin jandarma, kuma inda wata ƙabila ke saurin shan zargi a dunƙule, duk ranar da zargi ya zama tarihi, kowa na iya wayar gari tsohon mai laifi.

Gyaran da ake buƙata ba mai ƙyalƙyali ba ne, shi ya sa ba a cika jin sa a jawabai ba. Ma'aikatar shari'a ta tabbatar duk wanda kotu ta ɗaure kan fashi, kisa, garkuwa da mutane, fyaɗe ko raunata mutum da makami an ɗauki zanen yatsunsa an haɗa da hukuncin, a rumbu ɗaya da mai gabatar da ƙara a Dogondutsi zai iya tambaya ya sami amsa kafin ranar shari'a. Duk ɗan bindigar da ya miƙa wuya, ko za a yafe masa, a rubuta abin da ya amsa a gaban alƙali, da sharaɗin cewa ranar da aka sake ganinsa da makami yafiyar ta faɗi. Rikicin da aka zubar da jini a cikinsa, ko an sasanta, sarki ya sanar da kotu. A kuma sa wa tsohon laifi wa'adi, domin wanda ya yi faɗa yana ɗan shekara 19, ya zauna lafiya shekara ashirin, ba shi ne ake nema ba, dokar ma ta san da hanyar wanke suna bayan wani lokaci.

Saura manomin da aka fara da shi. Shi ma ya karya doka, kuma gari cike da bindigogin da ba a san da su ba gari ne da ƙaramar husuma ke iya zama jana'iza. Ƴan uwa da ke Legas ko Kwatano ko Aljeriya, waɗanda za a iya bugo wa waya a ce su kawo gudunmawar sayen abin kare kai, ya kamata su san cewa ƙanin da aka kama da bindigar shi zai tsaya gaban alƙali shi kaɗai, kuma daga ranar kaziyensa ta daina zama fara, ko aikin soja ya nema daga baya sai ta tare masa hanya. Amma hukumar da ba ta iya kai masa ɗauki cikin dare ba, bai dace ta fara nuna ƙarfinta a kansa ba. Nijar na da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, tun 1994, ta kuma taɓa ƙona makamai a bainar jama'a a Agadas ranar 25 ga Satumban 2000 bayan tawayen arewacin ƙasar. Hukumar na iya buɗe wa'adi a Matankari da Dankasari da Dogonkiriya da Tibiri, mai bindigar farauta ya kawo a rubuta ta ko ya miƙa ba tare da an gurfanar da shi ba, a gaban mai garinsa, a ba shi takardar shaida. Bayan wa'adin, wanda aka kama da bindigar yaƙi kuma yatsunsa suka fito a rumbun, alƙali na da hujjar da zai kai shi ƙololuwar hukunci, lauyansa kuma na da takardar da zai duba ya ƙalubalanta in kuskure aka yi.